Tarihin Barcin Kwamfuta da Larurar da ke Biyo Bayan Farkawa

Daga cikin larurorin da ke samun kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa ke kira laftof, akwai wata guda da ta daɗe tana ɗaure wa masu gyara kai, domin ba ta zuwa da ƙaurin waya, ba ta barin tsaga a sikirin, ba ta kuma hana na'ura tashi. Mutum zai rufe murfin kwamfutarsa tana lafiya lau, ya tafi sallar azahar, ya dawo ya buɗe, sai ya tarar ta farka amma wani sashe nata ya ƙi farkawa: ko waifai ya ɓace ɗungum, ko sauti ya ɗauke, ko dandalin da ake jan yatsa a kansa ya sandare, ko kuwa fanka na juyawa, fitila na ci, sikirin kuwa baƙi ƙirin. In ya sake tayar da ita daga farko sai komai ya koma daidai, har zuwa lokacin da zai sake rufe murfin. Wanda bai san asalin al'amarin ba yakan yanke hukunci nan take cewa ƙarfe ne ya lalace, alhali kuwa a mafi yawan lokuta ƙarfen lafiyarsa ƙalau, abin da ya samu tangarɗa shi ne amanar da ake miƙawa tsakanin ɓangarori uku a daidai lokacin kwanciya da lokacin tashi, wato manhajar tushe da kamfani ya dasa a cikin bod, da babbar manhaja irin su Windows da Linux, da kuma direba, ƙaramar manhajar nan da ta san harshen kowace na'ura ta ciki. Yadda aka yi wannan amana ta riƙa sauya hannu yana da tarihi na sama da shekara 30, kuma a ganina mai gyaran da bai san shi ba zai daɗe yana cire kayan da ba su yi laifin komai ba.

Asalin buƙatar a fili take. Kwamfutocin tafiya na farko, irin su T1100 da kamfanin Toshiba na Japan ya fitar a 1985, batirinsu ƙayyadadde ne, tayar da su daga sanyi kuma yana cin lokaci, ga shi duk abin da ke cikin ram yana gushewa da zarar wuta ta ɗauke. Sai masu ƙira suka yi tunanin wani hali na tsaka-tsaki, tsakanin aiki da mutuwa, inda za a yanke wa kusan kowane sashe wuta a bar wa ram ɗan abin da zai riƙe ajiyarsa. Toshiba na cikin waɗanda suka fara saka wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, haka nan Macintosh Portable da Apple ya fitar a watan Satumba na 1989, wadda nauyinta ya haura kilo 7 saboda batirin dalma da ke cikinta, tana iya barci ta farka a inda aka bar ta. Sai dai a wancan zamani kowane kamfani da hanyarsa, shi ya ƙera ƙarfen, shi ya san kowace waya da ke ciki, saboda haka ba a cika samun saɓani ba, tun da mai kwantarwa shi ne mai tayarwa.

Da kasuwa ta buɗe, kamfanoni barkatai suka shiga haɗa kwamfuta da kayan da wasu suka ƙera, sai aka ga ala tilas a yi ƙa'ida guda. A watan Oktoba na 1990 Intel ya fitar da furosesa mai suna 386SL, wadda aka yi musamman domin kwamfutocin tafiya, a cikinta kuma akwai wani yanayi na ɓoye da ake kira SMM, wanda ke ba manhajar tushe, wato BIOS, damar ta dakatar da duk abin da ake yi, ta gudanar da nata sha'anin, ta mayar da al'amura yadda suke, ba tare da babbar manhaja ta ko sani ba. A kan wannan harsashi ne Intel da Microsoft suka gina ƙa'idar APM a 1992. A shekarar ce kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, a 1993 gwamnatin ƙasar ta wajabta wa ma'aikatunta sayen kwamfutocin da suka cika sharaɗinsa, don haka barci ya tashi daga zama ƙawar matafiya, ya zama sharaɗin ciniki har ga kwamfutocin tebur. A ƙarƙashin APM ragama tana hannun BIOS: ita ke ƙirga mintunan da aka yi ba a taɓa kibod ba, ita ke yanke shawarar kashe sikirin da faifan ajiya, ita ke kwantarwa, ita ke tayarwa. Illar wannan tsari kuwa ita ce BIOS ba ta san komai ba sai abin da aka haife ta da shi, duk na'urar da aka cusa daga baya, ko kati ne a gefe ko kayan USB da suka fara bayyana a 1996, baƙuwa ce a gare ta. Ba ta kuma iya bambance mutumin da ya tashi ya bar kwamfutarsa da wanda ya zauna shiru yana jiran wani dogon lissafi ya kammala.

Don magance wannan ne Intel da Microsoft da Toshiba suka yi ittifaƙi a kan wata sabuwar ƙa'ida mai suna ACPI, wadda aka fitar a watan Disamba na 1996, ita ce kuma har yau ke mulkin barcin kusan kowace laftof da ba ta Apple ta zamanin nan ba. Manufarta kyakkyawa ce: a karɓe ragama daga hannun BIOS a damƙa wa babbar manhaja, wadda ita ce ta san abin da mai kwamfuta ke yi. Aka jera matakai aka ba su lamba, S0 shi ne farke ana aiki, S3 shi ne barcin da ram kaɗai ke shan wuta, S4 shi ne dogon barci inda ake kwafe abin da ke cikin ram a zuba a faifan ajiya a kashe komai, S5 kuwa kashewa ce ta sosai. Kowace na'ura ta ciki ita ma aka ba ta nata matakai, daga D0 zuwa D3. To amma babbar manhaja ba za ta iya sanin yadda aka shimfiɗa wayoyin kowane bod na duniya ba, saboda haka aka ɗora wa mai ƙera kwamfuta wajibin ya rubuta wani daftari, mafi girmansa ana kiransa DSDT, ya ajiye a cikin manhajar tushe, yana bayyana kowace na'ura da yadda ake kwantar da ita da yadda ake tayar da ita, a cikin wani harshe na musamman mai suna AML wanda babbar manhaja za ta karanta ta zartar.

A nan ne, a ganina, aka dasa irin larurar da muke fama da ita, kuma wajibi ne a ɗan tsaya a kanta. Matanin ƙa'idar ɗaruruwan shafuka ne, masu rubuta daftarin nan kuwa ma'aikata ne da ke aiki cikin gaggawar fitar da kaya kasuwa, kuma ma'aunin da suke auna aikinsu da shi guda ɗaya ne, wato a ɗora Windows a gani ko ta kwanta ta tashi. In ta tashi an gama, ko da rubutun ya saɓa wa matani ta fuska goma. Da haka sai ɗabi'ar Windows ta zama ita ce ƙa'idar haƙiƙa, abin da aka buga a takarda ya koma sharhi. Microsoft kansa bai tsira ba, domin daftarorin farko sun yi muni har Windows 2000 ta zo da jerin sunayen BIOS da aka yarda da su da waɗanda aka ƙi, ta kuma ɗauki ranar 1 ga Janairu 1999 a matsayin iyaka, duk wadda ta girmi wannan rana ba a amince mata sai in sunanta na cikin jerin nagari. Daga baya, a wata shari'a da aka yi da kamfanin a jihar Iowa ta Amurka, aka fito da wata wasiƙa da Bill Gates ya rubuta wa manyan ma'aikatansa a watan Janairu na 1999, inda yake tambaya ko akwai hanyar da za a sa ƙare-ƙaren ACPI su dace da Windows kaɗai, don kada Linux ta ci moriyar wahalar da suka sha. Ba na cewa wannan wasiƙa ita ce sababin kowace matsala, sakaci da gaggawa sun ishe mu bayani. Amma tana nuna irin iskar da ke kaɗawa a lokacin da ake aza tubalin.

Mutanen Linux su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, su ne kuma suka bar mana mafi yawan ilmin wannan fanni a rubuce, domin aikinsu a bainar jama'a suke yin sa. Linus Torvalds, wanda ya assasa Linux, ya yi wa ƙirar ACPI kakkausar suka a 2003, ya ce bala'i ce ta kowace fuska, amma ya yarda babu makawa sai an zauna da ita. Wani abin da ya faru a kan tambayar da daftarin ke yi wa babbar manhaja ya isa misali. Akwai wata hanya mai suna _OSI da manhajar tushe ke tambaya da ita, ke wace ce? Da farko Linux takan amsa da sunanta, sai aka lura cewa duk sa'ad da ta faɗi gaskiya, daftarin yakan bi da ita ta wani lungu da ba wanda ya taɓa gwadawa, ko wanda aka rubuta domin toshe wata ɓaraka da tuni an gyara ta. Daga fitowar 2.6.23 a 2007 sai Linux ta daina amsa sunanta, take cewa ita Windows ce, domin hanyar Windows ita kaɗai ce aka tabbatar an taka.

Sai mas'alar tartibi, wadda ita ce zuciyar abin. Idan kwamfuta ta shiga S3, katin waifai da na sauti da na hoto duk suna mance ko su wane ne, domin saitin da aka zuba musu, har da ƙaramar manhajar da direba ke loda wa wasunsu a duk tashi, suna tafiya tare da wutar. A lokacin farkawa BIOS ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya yadda take yi in an kunna daga sanyi, iyakarta ta tayar da furosesa da ram, ta miƙa wa babbar manhaja a wani adireshi da aka yi alkawari tun kafin kwanciya; daga nan nauyin kowane direba ne ya mayar wa na'urarsa abin da ya adana. Kuma ba a yin wannan da ka, domin na'urorin a rataye suke da juna: kyamara da Bluetooth galibi a bayan mai kula da USB suke, shi kuma a bayan wata gada ta PCI. Al'amarin ya yi kama da tashin ayarin fatake daga zango da asuba, inda madugu ba zai ce a ɗaura kaya ba sai an tayar da dabbobi, jagaba ba zai kama hanya ba sai an ɗaura. Wanda aka kira kafin lokacinsa ba zai amsa ba, in kuwa mai kira bai sake waiwayarsa ba sai ayari ya tafi a bar shi kwance, ba don ciwo ba. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ake yin duk wannan, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba kuma ya isa ya sa direba ya ɗauka na'urarsa ba ta nan. Saboda wannan buƙata ta sanin wa ke rataye da wa ne Patrick Mochel ya tsara wa Linux bishiyar na'urori, wadda ta fito a cikin 2.6 a watan Disamba na 2003, ana kwantarwa daga rassa zuwa tushe, ana tayarwa daga tushe zuwa rassa.

Binciken irin wannan larura yana da wuya ƙwarai, domin na'urar da ta maƙale a tsakiyar farkawa ba ta da sikirin da za ta nuna kuskure, ba ta da faifan da za ta rubuta shi. A 2006 Torvalds ya kawo wata hikima da har yau nake jinjina mata. Ya lura cewa abu guda da ke riƙe ajiyarsa ko an kashe kwamfuta shi ne agogon bod, wanda ɗan ƙaramin batiri mai kamar kwabo ke ciyarwa; sai ya sa Linux, kafin ta taɓa kowace na'ura a lokacin tashi, ta rubuta wata lamba mai nuni ga na'urar a gurbin kwanan wata da sa'a. In ta maƙale, mai bincike ya sake kunnawa da hanzari, cikin kamar minti 3 kafin tafiyar agogon ta ɓata lambar, sai a karanta a gane a ƙofar wa aka tsaya. Farashin abin shi ne agogo ya rikice, sai an sake saita shi. Ana kiran dabarar pm_trace, tana nan kuma har gobe.

Shekarun nan na tsakiyar 2000 su ne zamanin baƙin sikirin, lokacin da katin hoto ba ya dawowa sai an sake gudanar masa da manhajarsa ta tushe da wasu 'yan dabaru, har masu sa-kai suka tara dogayen jerin sunayen kwamfutoci, kowace da irin lallashin da take so. An samu sauƙi daga 2009, sa'ad da fitowar 2.6.29 ta mayar da saita sikirin cikin zuciyar Linux, aka fara da katunan Intel. Daga wancan zamani ne kuma aka gaji maganin da masu gyara ke yi har yau: a sauke direban da ya ƙi tashi a sake loda shi, alal misali a Linux a sauke direban psmouse da umarnin modprobe a mayar, sai dandalin yatsa ya motsa, in abin ya zama ɗabi'a, a rubuta ɗan umarni a ajiye a inda systemd, manhajar da ke tafiyar da hidimomin Linux, ke dubawa kafin barci da bayansa, ya riƙa yin haka da kansa. A Windows ma hikimar ɗaya ce, a shiga wurin kula da na'urori a dakatar da katin da ya ƙi tashi a sake ba shi izini, ko a cire alamar da ke halatta wa kwamfuta kashe shi don tsimin wuta.

Ana cikin haka, bayan S3 ta fara nuna, sai aka sake sauya hannu. Wayoyin salula sun saba wa mutane da na'urar da ke tashi nan take tana karɓar saƙo ko tana aljihu, don haka Windows 8, wadda ta fito a watan Oktoba na 2012, ta zo da wani sabon barci da ba a fita daga S0, kowace na'ura ce ke lafawa da kanta, furosesa na gyangyaɗi tana farkawa. A Windows 10 ta 2015 aka faɗaɗa shi da sunan Modern Standby. Linux ta samar da makamancinsa tun 2013, wanda yanzu ake kira s2idle, a watan Oktoba na 2013 kuma aka miƙa kula da ƙa'idar ACPI ga majalisar UEFI. A sabon tsarin, na'ura ɗaya tak in ta ƙi lafawa ta isa ta hana furosesa nutsawa, shi ya sa mutum kan ciro laftof daga jaka ya ji ta da zafi, batiri ya ƙare. Kamfanoni da yawa suka cire S3 gaba ɗaya. A 2018, da Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Carbon ƙarni na 6 babu ita, masu amfani da Linux suka yi ta ƙorafi har aka fitar da sabuwar BIOS mai zaɓi biyu. Windows 8 ta kuma kawo wani abu da ya kamata kowane mai gyara ya haddace: kashewar da aka saba ta daina zama kashewa ta sosai, domin a tashi da sauri ana adana zuciyar manhaja da halin direbobi a faifai, a dawo da su yadda suke. Ma'ana, direban da ya rikice zai iya kwana ya tashi da rikicinsa ko an kashe kwamfutar, sai an zaɓi sake tayarwa, wato Restart, sa'an nan ake wanke komai.

Wannan tarihi na ƙasashen ƙetare ne, amma sakamakonsa yana sauka a kan teburin masu gyara na titin Beirut a Kano da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, domin mafi yawan laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu da ma'aikatanmu na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka, sun iso da tsohuwar BIOS da ba a taɓa sabuntawa ba, an kuma ɗora musu manhajar da suka girme ta da shekaru. Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya ajiye tasa a kan benci yana cewa, "Malam, katin waifai ɗina ne ya mutu, nawa ne sabo?" Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya ɗaukar sukudireba tukuna. Zai tambaye shi, "Ɗan'uwa, in ka yi Restart yana dawowa?" In aka ce yana dawowa, to galibi an wanke ƙarfe daga zargi, domin abin da ya ƙone ba ya warkewa da sake tayarwa. In kuwa bai dawo ba, akwai sauran mataki kafin a buɗe ciki: ya zare caja, ya cire batiri in mai ciruwa ne, ya danne maɓallin kunnawa da babban yatsa na kamar rabin minti, sa'an nan ya mayar. Fa'idar wannan ita ce akwai wani ɗan ƙaramin guntu a bod, mai kula da kibod da fanka da caji da murfi, wanda ba ya barci ko an kashe kwamfuta muddin akwai wuta a jikinta, shi ma kuma yakan rikice. Sai an yanke masa wuta ƙaf yake komawa hayyacinsa. Wasu ThinkPad masu batiri a rufe an yi musu ɗan rami a ƙasa da ake sa tsinke don wannan aiki. Bayan haka ne ake duba irin barcin da na'urar ke yi, da umarnin powercfg /a a Windows, ko a karanta /sys/power/mem_sleep a Linux a ga ko s2idle aka zaɓa ko deep, wato S3, a sabunta BIOS daga kamfanin da ya ƙera ta, da cikakken caji da wuta tsayayya domin yankewa a tsakiyar wannan aiki na iya kashe bod, a kuma nemo direban da ya dace.

Yana ba ni takaici in ga an karɓi kuɗin yaron da ya tara da ƙyar an sauya masa kati mai lafiya, bayan kwana biyu larurar ta dawo, tun da sabon katin ma a hannun direba ɗaya da daftari ɗaya ya faɗa. Ba na musun cewa ƙarfe na lalacewa. Katin da ya saki a gurbinsa, ko igiyar sikirin da ta gaji a maƙogwaron murfi saboda buɗewa da rufewa, suna iya kwaikwayon wannan ciwo sak, ana kuma gane na biyun in hoto na zuwa yana tafiya sa'ad da ake motsa murfin. Amma waɗannan a ƙarshen bincike ake zuwa gare su.

Akwai kuma abin da ya keɓanci halinmu. S3 da sabon barcin duka sun dogara ne da batiri mai rai, alhali kuwa da yawa daga na'urorin da ke hannunmu batirinsu ya gaji, wasu ma ba sa minti 10 in an zare caja, ga wutar lantarki da ba ta sallama kafin ta tafi. Kwamfutar da ke barci a irin wannan hali, in aka ɗauke wuta, duk aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Ga mai irin wannan na'ura, abin da ya fi dacewa shi ne a saita rufe murfi ya kai ta S4, inda ba ta buƙatar ko ɗigon wuta, kuma a lokacin tashi BIOS na bin na'urorin ciki tun daga farko kamar an kunna daga sanyi, abin da kan kawar da wani kaso na larurar farkawa. Sharaɗinsa a Linux shi ne a tanadi wurin musanya a faifai mai girman da zai ɗauki abin da ke cikin ram, a Windows kuwa umarnin powercfg /h on ne ke buɗe shi in an rufe.